Gogen da Labbo Ya Kasa Ajiyewa

A shekarun da ake ta zancen za a kawo jirgin ƙasa Gusau, an yi wani mai goge a Furfuri, sunansa Labbo. Hannunsa ba laifi, zuciyarsa ce ba ta da haƙuri. Gogen da ya gada ya tsage, muryarsa ta shaƙe. Da kaka ta yi, makaɗa suka cika kasuwar Gusau suna sayen sababbi, wannan garaya, wancan molo. Labbo ya sayar da akuyar uwarsa, amma bai bi su ba. Ya nufi wani kogon dutse can bayan 'Yandoto, wurin boka Tambaya.

Da tsakar rana ya isa, amma kogon sanyi ƙalau kamar cikin randa. Ga goguna rataye, ƙoƙunansu baƙi ƙirin da busasshen jini, suna ɗan kuka ba wanda ya taɓa su. Bokan ya sauko da ɗaya, ya yanka baƙin zakara a kansa, ya tsigi gashin kan Labbo ya murɗa cikin izgar tsirkiyar.

"Nawa za ni biya, Baba?" in ji Labbo.

"Riƙe kuɗɗinka. Wanga goge sharaɗi garai. Duk wanda ka ambata bisa shi, sai ya yi ma kyauta da son rainai kahin ka aje shi. In bai yi ba, gogen shi karɓa da kainai, daga jikin mutum."

Labbo ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe marowata sun shiga uku!"

"Kai dai ka san bakinka," in ji boka.

Arziki ya zo a guje. Fatake a Gusau suna tuɓe riguna su jefa masa, Fulani suna ba shi shanu, mahauta suna kuka suna zazzage aljihu. Ya gina soro, ya ɗaure doki.

Abin da bai tuna ba, makaɗi ba ya buɗe wasa sai ya gaida wanda ya koya masa. Abu ne da baki ke yi tun kafin hankali ya iso. A wasansa na farko ya gaida malaminsa, tsoho Mas'udu na Bungudu, wanda ba ya ma wurin. Kafin kasuwa ta zagayo an binne Mas'udu, ya bushe kamar kara. Labbo ya ce tsufa ne. A wani taron suna a Magami kiɗa ya yi daɗi, ya wasa Iya mahaifiyarsa. Ya dawo ya tarar tana cusa auduga a kunne, tana ihu a raba ta da goge. Haka ta yi ta yi har ta cika.

Nan ya gane. Ya yi kuka, na gaskiya kuwa. Sai dai ya dubi shanun, ya ce ai kiyaye baki kawai zai yi. Bai faɗa wa kowa ba, har wansa Yari mai yi masa amshi, don faɗin yana nufin ya ce shi ya kashe uwarsu.

Ranar wani biki a Tsafe, matarsa Shafa'atu ta shigo fili tana rawa, goye da jaririyarsu Wasila. Yarinyar ta ɗago kai ta yi masa dariya. Daɗi ya kwashe shi.

"Wasila ɗiyar Labbo, gaishe ki!"

Sai da kalmar ta fita ya gane abin da ya yi. Ya daka tsawa a sa wa yarinyar kwabo a hannu. Aka sa, kwabon ya faɗo a gabansa, amma gogen bai daina kukansa ba. Jaririya ina ta san kyauta?

Dabara ɗaya ta rage masa: kada ya ajiye har ta yi wayo. Ya sa igiya ya ɗaure gogen a hannunsa. Da shi yake ci, da shi yake kwana, ya daina waƙa don tsoron bakinsa. Masu gayyatarsa suka ɗauke ƙafa, shanu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, igiya ta ci naman hannunsa har ya fara wari. Gari ya ce Labbo ya haukace. Wasila kuwa ta yi rarrafe, ta fara tafiya, saura kaɗan.

Wata la'asar Yari ya same shi yana barci a zaure, ƙudaje sun rufe hannun. Tausayi ya kama shi.

"Haba ƙanena, wanga azaba ta isa," ya ce a hankali, don kada ya tashe shi.

Ya yanke igiyar, ya zare gogen, ya jingine shi da bango. Daga cikin gida Shafa'atu ta ƙwalla ƙara.

Kai mai neman arzikin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar abin da za ka iya rabuwa da shi. Labbo ya daɗe a duniya bayan wannan, yana yawo kasuwa-kasuwa da hannu a lanƙwashe, yana roƙon kowace yarinya ya gani ta ba shi ko da tsinke ne.