Ƙarar Keken Umma

"Maimaita abin da ka ce," na ce da shi.

Injiniya ya gyara zaman tabaransa. Murmushin da ya shigo da shi ɗakina ya fara zamewa daga fuskarsa.

"Cewa na yi na wanke miki shi, Auta. Duk hayaniyar nan ta fita, yanzu tas yake."

"Wace hayaniya?"

"Wannan ƙii-ƙii ɗin da ke ƙasa, da gurnanin nan mai..."

"Keken Umma kenan."

Ya juya ya kalli kwamfutata da ke kan tebur.

Ni sana'ata haɗa kiɗa ce da kwamfuta, amma ba irin wanda ake tashi a taka ba. Sauti nake farauta. Ɗigar famfo, kukan ƙyaure, tsohuwar fanka mai tari, duk sai in ɗauka, in yanka, in ja su, in juya su baya, har su zama wani abu da kunne bai saba ba. Masu saurarona ba su da yawa, amma suna nan warwatse a duniya, kuma wani ƙaramin kamfani ya yarda zai fitar min da faifaina na farko. Baba, wanda ya ƙare ƙarfinsa a gyaran rediyo, cewa yake irin wannan ƙarar ce mutane ke kawo masa rediyo ya raba su da ita.

Shi kuwa Injiniya a gidan rediyo yake aiki, yana tace sauti. Can muka haɗu. Ranar da na je a sa aikina, ko minti bai yi ba ya kashe, ya durƙusa yana duba wayar sifika, wai ta samu matsala. Na yi dariya har da hawaye, shi kuma ya kasa haɗa ido da ni. Daga wannan kunyar soyayya ta tsiro, har manya suka shiga maganar aka sa mana rana.

Waƙar da ta fi kowace a faifan, a kan keken ɗinkin Umma na gina ta. 'Yan watanni kafin rasuwarta na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na kanga wayar salula jikin keken ina ɗaukar ƙararsa tana ɗinki. Wayar ta daɗe da faɗawa ruwa. Abin da ya rage min kwafi ɗaya ne a kwamfuta, ita kuma kwamfutar na ba Injiniya ya yi wa faifan gyaran ƙarshe.

"Ina na asalin?" na tambaye shi.

"Na... na ajiye sabon a kansa. Haka muke yi a wurin aiki, hannuna ne ya saba." Muryarsa ta yi ƙasa. "So na yi in ba ki mamaki, zuciyata. Na ji akwai murya a ciki, na ce bari in fito miki da ita..."

"Ka tafi, Injiniya."

"Auta, ki saurara tukuna, ko sau ɗaya..."

"Don Allah ka tafi."

Ban yi ihu ba, ban jefi kowa da komai ba. Na rufe kwamfutar kawai na tura ta ƙarƙashin tebur. Ina sonsa, wannan ban taɓa musu ba, amma na rasa yadda zan zauna gida ɗaya da mutumin da ya ji ƙafar mahaifiyata a kan keke ya kira ta datti.

Kwanaki suka shuɗe ban ɗaga kiransa ba. Kamfani na ta tambayar faifai, ni ko fayil ɗin na kasa buɗewa.

Wata ranar da hantsi Baba ya turo ƙofar ɗakina. Bai cika shigowa ba, yana cewa wayoyina za su harɗe shi ya karye. Ya ture wani makirufo daga kan kujera ya zauna.

"Yaron nan yau ma yana bakin ƙofa, kamar mai jiran mota," ya ce. "Ya rame, Auta. Tabaran ma ya yi masa yawa."

"Baba, ka bar shi ya tsaya."

"Me ya yi miki?"

Na faɗa masa. Na zaci zai goyi bayan ɗan'uwansa maƙiyin ƙara, amma sai ya nuna kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur.

"To kunna min in ji ɓarnar," ya ce.

"Ban taɓa saurara ba."

"Kin yanke wa mutum hukunci ba ki ga abin da ya yi ba? Kunna."

Na janyo kwamfutar, na haɗa sifika, na danna.

Da farko shiru ne, alhali a nan ne keken ya saba fara gudu. Sai aka yi gyaran murya. Sai ga Umma, ras, kamar tana bayan labule.

"Auta, ke kuma me kike ɗauka a ƙarƙashin keke? Kar allura ta faɗo miki a ido..." Ta ɗan yi dariya, sannan ta ɗaga murya. "Malam! Kana jin kukan da keken nan yake yi? Ka gyara rediyon duk duniya, amma ɗigon mai ɗaya ya gagare ka."

Daga nesa muryar Baba ta amsa, "Gobe, in sha Allah."

"Goben nan taka dai," in ji Umma. "Allah ya nuna mana ita."

Na saurari wannan ɗaukar ya fi a ƙirga, ban taɓa jin kalma ɗaya ba. Keken ya danne komai, ni kuma keken nake bi. Ko a ranar ma hankalina na kan wayar, ban riƙe abin da ta ce ba.

Baba ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya sa bakin rigarsa ya share ido.

"Sake sawa," ya ce.

Na sake. Na kuma sakewa. Ni ma hawaye nake, ban damu in goge ba.

"Ban sa ba," ya ce daga baya.

"Me, Baba?"

"Man. Kullum sai in ce gobe. Da ta tafi kuma na kasa ko ɗaga zanen da ta rufe shi da shi." Ya dube ni. "Kukan da kike nema yana nan cikin keken, Auta. Babu wanda ya taɓa shi."

Na tashi zaune sosai.

"Je ki shigo da yaron nan," ya ce. "Ki ce ya zo da kayan aikinsa."

Na same shi jingine da bango, inuwa ta gudu ta bar shi a rana. Da ya gan ni ya miƙe tsaye har yana tuntuɓe.

"Na ji ta," na ce.

"Auta, ki yafe min. Wallahi da na san..."

"Ka ɓatar min da ƙafarta, wannan ba zai dawo ba." Na dube shi ido cikin ido. "Amma ka ba Baba muryarta. Ɗauko makirufonka mai kyau, akwai aiki."

A ɗakin Umma Baba ya yaye zanen da hannunsa. Ƙura ta tashi, ga ɗan guntun zare shuɗi har yanzu a allura. Injiniya ya durƙusa daidai inda na taɓa zama, ya saita makirufo jikin keken, ya sa abin ji a kunne. Na zauna a kujerarta na ɗora ƙafa.

Taku ɗaya, sai ga shi. Ƙii... ƙii... ƙii.

Na ga yatsun Injiniya sun nufi maɓallin rage ƙara da kansu. Ya lura, ya janye hannun ya tura shi aljihu.

"Ba haka take yi ba," in ji Baba. "Ke kina tafiya daidai kamar agogo. Ita takan ruga da gudu, sai ta tsaya cak, ta ciji zare, sannan ta ci gaba."

Na gwada.

"Ƙara sauri... yauwa. Tsaya. Yanzu ciji zaren."

Na sunkuya na ciji zaren shuɗin nan. Da na ɗago, Baba ya juya fuskarsa wajen taga.

Ba irin na Umma ba ne, ni na sani, shi ma ya sani. Ƙafata ce, ba tata ba. Amma da muka koma ɗakina na ɗora muryarta a kan sabon gudun keken, sai ya zama kamar ni nake ɗinki, ita tana tsaye a kaina tana tsokanar Baba. Waƙar ta fi ta farko, ko da yake har gobe ina kewar ta farkon.

"In cire numfashin Baba da ya shiga ciki?" Injiniya ya tambaya a hankali.

"Ka taɓa shi ka gani," na ce.

"Na tuba, ranki ya daɗe."

Baba ya saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe bai ce rediyo ya lalace ba. Da ta ƙare ya miƙe, ya tsallake wayoyina a hankali, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranar da za ki tare, da keken za ki tafi," ya ce min. Sannan ya nuna Injiniya da yatsa. "Kai kuma, ɗana, na ba ka 'yata da zuciya ɗaya. Amma ko da wasa kada ka sa wa keken nan mai."