Tauraron da Aka Aika Neman Akuya

A wani gari, can wani zamani, an yi wani mutum mai cika baki. Ƙaninsa yana aiki a inda ake bin sawun wani ɗan tauraron ɗan'adam, wanda bai fi tukunyar miya girma ba. Shi yake gaya masa lokacin da tauraron zai wuce ta saman garin. Ya kuma ce masa, “Yaya, idonsa sama yake kallo, taurari aka aike shi dubawa. Ba ya ganin ƙasa.”

Mutumin ya riƙe rabin maganar, ya yar da rabi. Duk ranar da tauraron zai wuce bayan magariba, sai ya nuna sama ya ce, “Ga nawa nan! Komai yana gani, komai yana gaya mini.” Mutane suka riƙa matsa masa a tabarma.

Ran nan akuyar Gwaggo Tabawa ta ɓace, ga ta da tsohon ciki. Ta zo ta ce, “To, mai tauraro, ina akuyata?”

Da ya ce bai sani ba, da an wuce wurin. Amma ina, tabarma da daɗi! Ya ɗaga kai, ya gyara murya, ya ce, “Tana bakin rafi.” Ya ja mutane suka je suka sha ƙaya har suka gaji.

Da suka dawo, sai ga akuya a tsakar gidansa, ta cinye waken da ya shanya tas.

Gwaggo ta kama igiyarta ta ce, “Sannu da aiki, mai tauraro. Gobe ka ce masa ya fara dubawa daga gidanku.”