Miya Ba Gishiri

"Umma ta ce a dakata da maganar aurenmu..."

Zaituna ta ɗago ta dubi Abdulfattah. A ƙofar ɗakin wankin ƙoda suke, inda take kawo mahaifinta sau uku a mako, shekara shida ke nan.

"Dalili?"

"Sundus ta kai mata gulma, wai ciwon a jininku yake."

Sundus 'yar kawunsa ce, kaf unguwar Sultana kuwa an san shi take hari.

Maganar ta yi wa Zaituna ciwo sosai. Sai dai ita akwai tambayar tsiya, ko kuka take yi sai ta tsagaita ta ji dalili. Dama ta daɗe tana lura, rabin gadajen ɗakin nan da Hausa ake gaisawa, alhali nan ba ƙasar Hausa ba ce. Me ya sa?

Ta tare likitar mahaifinta.

"Daktora, me ya sa mu ne muka fi yawa a nan?"

"Akwai wata ƙwayar gado da ta fi yawa a mutanen yammacin Afirka," in ji likitar. "Ita ta kare kakanninku daga ciwon barci na ƙudan tsando. Wanda ya gado ta wajen uwa da uba duka, ƙodarsa ta fi shiga haɗari, amma ba lallai ya kamu ba."

Ikon Allah! Abin da ya ceci kakanni shi ke kwantar da jikoki?

"A gwada ni."

"A gwada mu, habibti," Abdulfattah ya ce, yana dariyar wanda ya tabbatar da lafiyarsa.

Bayan mako uku sakamako ya fito. Zaituna ƙwaya ɗaya ta gada.

Shi kuwa biyu, ta uwa da ta uba.

Sundus ta ɗauke ƙafa, ko waya ta daina yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, sai ga Umma da kanta a gidansu Zaituna a unguwar Ranuna, ta kasa haɗa ido da kowa.

"'Yata... yanzu ke ce ke da ikon cewa a dakata."

Zaituna ta ji tausayinta har cikin rai. Ta shiga kicin, ta dawo da tuwo da miya, ta durƙusa ta ajiye.

Umma ta kai loma ɗaya ta tsaya.

"Kin manta gishiri."

"Ban manta ba, Umma. Shekara shida nake yi wa Baba ita haka saboda ƙodarsa." Ta sunkuyar da kai. "Ki tafi wa Abdulfattah da sauran, ya fara sabawa tun yanzu."