Tikitin Seshel da Ruwan Shuka

Kai, yaran yanzu ba ku da nutsuwa! An nuna muku hoton teku a waya, duk kun haukace, kun manta ruwan da ke ciyar da ku daga sama yake saukowa, kuma ba ya jiran kowa. Har masu gemu a cikinku sun shiga wannan shirme. To ku ji abin da ya faru a gidan marigayi Malam Mati, a wani ƙauye gabas da Tofa, shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, har wasu gidaje suka cinye irin shukarsu tun kafin bazara.

Luba, amaryar wata biyar, tana tsince wake a ƙofar ɗakinta, sai ga mijinta Muntaka ya yi sallama yana dariya shi kaɗai. Shi ne autan gidan, yana sayo wa wani kamfani riɗi a Dawanau.

"Amarya, ajiye faifan nan! Hanimun ɗinmu ya zo, yawon amarci!"

"Wane irin hanimun kuma, ana wannan yunwa? Ko rana ce ta taɓa ka, Yallaɓai?"

Ya zauna bakin tabarma ya baje wata takarda mai sheƙi. Kamfani ne ya zaɓe shi, saboda shekara uku ba a taɓa samun yashi a buhunsa ba. Kyautar ita ce mako guda a bakin teku, mutum biyu, tikiti da fasfo da otal duk a wuyansu. Wuri uku aka ba shi ya zaɓa, kowanne da lokacinsa.

"Wannan Maldibis. Kin ga ɗakunan? A kan ruwa aka gina su."

"Ɗaki a kan ruwa! In mutum ya fito alwala da magagin barci fa? Sai dai dangi su ji labari. Wuce."

"Wannan Seshel. Dubi duwatsu, dubi yashi fari fat kamar garin rogo. An ce kunkurunsu ya fi turmi girma."

Luba ta daɗe tana kallo, don wurin ya yi mata kyau ƙwarai. Sai ta ce, "Yaushe ne tafiyar?"

"Sati shida nan gaba."

"Bakin damina ke nan. Wa zai bar gida ana jiran ruwan shuka? Wuce."

Na ukun Zanzibar ne, tafiyarsa bayan kaka, an gama shigar da amfani. Muntaka ya ce musulmi ne a can, ga masallatai, kuma a can ake noman kanumfari.

"Nan za mu," in ji Luba, ta ɗora yatsa. "In sayo wa Inna kanumfari daga tushensa. Amma ka sani, ni ba zan shiga ruwan nan ba, daga nesa za mu gaisa."

Dariyarsu ce ta jawo Sama'ilu, yayan Muntaka. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gandu, gonar gida da kowa ke nomawa a ci tare. Mukullin ɗakin hatsi yana aljihunsa, kuma a gidan nan ba mai saran shuka a gandu sai shi ya fara sara da bisimilla. Ya karɓi takardar ya juya ta, idonsa ya tsaya a kan Seshel.

"Wanne ya fi tsada a ciki?"

"An ce wannan, Yaya."

"To shi za mu. Ni da kai."

"Yaya, ai da Luba na yi niyya, kuma Zanzibar muka..."

"Muka? Kai da wa? Yarinyar da aka kawo shekaranjiya ita za ta hau jirgi, ni da na goya ka ina zaune? Abin da ƙarami ya samo a gidan nan hannun babba yake fara zuwa!"

Maganar ta kai gaban Inna Hure, mahaifiyarsu. Ta dubi Muntaka ta ce, "Har an shanye ka ke nan? Mace ta fi yayanka?" Luba na bayan labule tana ji. Ta shige ɗaki ta kifa kai a gado ta yi kuka har gefen zanenta ya jiƙe. Da Muntaka ya shigo ransa a ɓace yana cewa zai mayar wa kamfani kayansu kowa ya huta, sai ta share ido ta tashi zaune.

"A'a. Ba za a ce ni na raba ka da mahaifiyarka ba. Ka bi Yaya."

"Wallahi ƙafata ba za ta taka jirgin nan babu ke ba!"

"To ka bar masa duka. Amma don Allah ka roƙe shi ya ɗauki Zanzibar, ko kuma ya bar maka mukulli. Damin irin da ke ɗakin hatsin nan kaɗai ya rage mana. In shukar bana ta kuɓuce, me za a ci?"

Muntaka ya je ya roƙi manaja aka sauya suna. Sama'ilu ya sa sunansa da na abokinsa Kamilu mai shayi. Maganar Zanzibar kuwa, cewa ya yi shi ba zai je wurin da aka fi araha ba. Maganar mukulli ta fi ɓata masa rai. "Ka ga na mutu ne? Kwana goma kacal har da hanya! Ruwa ba zai sauka ba sai na dawo." Ya danna wa ɗakin hatsi kwaɗo, suka tafi.

Kwana huɗu da tafiyarsa, bayan la'asar, gabas ta haɗe. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Kafin magariba duk ƙauyen ana fiddo sungumi. Muntaka ya kira wansa a waya ta bidiyo, ga Inna ga Luba a tsaye. Sai ga Sama'ilu da baƙin tabarau, ya riƙe kwakwa an soka mata tsinke, teku tana ta kaɗawa a bayansa.

"Yaya, an yi ruwan shuka! Ka ba ni izini in fasa kwaɗon."

"Ruwan yaudara ne, wanda ya shuka zai sake. Duk wanda ya taɓa min ƙofa ko ya sa sungumi a gandu, ban yafe ba! Kamilu, zo ka nuna musu kunkuru!"

Inna ta ce tunda babba ya hana, an hanu. Muntaka ya zauna a kan turmi ya rafka tagumi. Luba ta zo ta tsaya a kansa.

"Yaya ya hana gandu. Ya hana gayaunarka?"

Gayauna ita ce 'yar gonar da aka yanka wa Muntaka tasa ta kansa, can bayan rafi. Ya ce, "Bai hana ba. Amma ina iri? Ko a Dawanau iri ya zama zinariya, maƙwabta kuma kowa ta kansa yake."

"Ka ba ni izini in je Kunci gobe da sassafe. Gyatumata ba ta taɓa cin irinta ba, ko da za ta kwana da ruwa."

Ya ɗauke ta a babur. Tsohuwar ta kwance ƙullinta ta raba biyu, gero da ɗan wake, ta ce Allah ya sa albarka. Kafin azahar sun dawo. Ba a samu ɗan ƙwadago ko ɗaya ba, kowa yana gonarsa, danshi kuma ba ya wuce kwana biyu. Luba ta ɗaura ɗamara a kan hijabinta ta ɗauki ƙoƙon iri.

Inna ta tare ƙofa. "Amarya a gona? A gidan Malam Mati? Me za a ce da mu?"

Luba ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. A ce da mu komai bana, mu dai mu samu abin da za mu dama miki kunu baɗi."

Inna ta kauce. Muntaka yana sara, Luba tana binsa tana jefa iri tana binnewa da diddige. Tafin ƙafarta ya tsage, lallen da ta ƙunsa ya koma laka. Ya ce ta huta, ta ce, "Sara dai, Yallaɓai, ka ɗauka yashin Zanzibar muke takawa." Kwana biyu suka gama.

Sama'ilu ya dawo ya yi baƙi ƙirin, da hular kaba da jaka cike da ƙwanson dodon koɗi. Da ya ji labari ya tara gida yana huci. "Ta tona mana asiri a gari! Ko ka sake ta, ko ka bar min gandu!"

Muntaka bai taɓa ɗaga ido a gaban wansa ba sai ranar. "Yaya, na bar maka jirgi, na bar maka teku. Luba kam ba zan bar maka ba."

Aka raba tukunya. Wata uku Luba tana gaida Sama'ilu yana kawar da kai, ba ta fasa gaisuwar ba ko rana ɗaya.

Ruwa kuwa bai sake sauka ba sai bayan sati uku da dawowarsa. Geron gayauna ya riga ya kafa saiwa, ya jure. Gandu aka shuka a makare, damina ta ɗauke da wuri, gero ya fid da kai babu ido. Ranar girbi, gona mai faɗin nan ba ta ba da abin da jaki biyu za su ɗauka ba, gayauna kuwa ta cika rumbu har da wake. Luba da kanta ta auni gero ta kai wa Inna, ta kai wa matar Sama'ilu saboda yara. Inna ta riƙe hannunta tana hawaye. "'Yar nan, ki yafe mini. Ke ce ɗiyar gidan nan."

Ku riƙe wannan, yara: ba laifi mutum ya je ya ga ikon Allah a bakin teku, amma a duba lokaci, a duba hakkin na ƙasa da kai. Girma ba ƙwace ba ne, kuma haƙuri ba zaman banza ba ne.

Baffannin su Muntaka suka zauna a zaure bayan sallar Juma'a, suka karɓe gandu daga hannun Sama'ilu suka damƙa wa Muntaka. Kafin tsakiyar rani Sama'ilu ya ja shanun huɗarsa biyu, waɗanda ya gada daga mahaifinsa, ya kai su kasuwa don 'ya'yansa su ci. Da damina ta zagayo, mutanen da a da suke layi a ƙofarsa neman aron shanu suka wuce shi a bakin hanya, ya duƙa shi kaɗai yana huɗa da garmar hannu.