Wa Zai Nema Wa Joel Aure?

Tun da aka buɗe sabon shagon nan a Takoma Park, a Amurka, mutane ke leƙe ta taga. An rataye wani yadi mai gida-gida ja da kore, ga ƙamshin man shanu har bakin titi. Wasu suka ce Bature ne mai shi, wasu suka ce ɗan Jos ne. Kaneng, wata nas 'yar Jos, ta taso daga aiki ta kasa wucewa.

"Sannu da zuwa," in ji saurayin da ke ciki, da Hausar Bukuru ta kusa da Jos zalla. Fari ne dogo, sanye da siket irin na mazan Sikotlan.

"Kai ne mai shagon? Siket ɗin fa, na ƙanwarka ne?"

Ya yi dariya. "Na dangin kakana ne. Sunana Joel. Ɗanɗana wannan, biskit ɗinsu ne, amma da garin acca na yi."

Ta ɗanɗana, ta manta bas na jira. Ya ba ta labarin kakansa, Baturen Sikotlan mai aikin kuza, wanda ya koma ƙasarsu ya bar kakarsa da cikin babansa, wanda yanzu ya rasu. Kafin sanyi ya shigo, yana kiranta Hasken Shago, ita kuma tana ce masa Baturena.

Mahaifinta, Baba Choji, bai ko ɗago kai ba da ta faɗa masa Joel na son aurenta.

"A gidanmu dangin uba ke neman aure. Ina nasa? Ga Katung na Fort Washington, mutanensa sun yi min magana. Ranar Lahadi zan ba su amsa."

"Baba, ba na son Katung."

"To, ya kawo nasa kafin nan."

Ta rubuta wa Joel: "Baturena, Baba yana son ganin dangin ubanka kafin Lahadi. In ba haka ba na rasa ka. Ba zan iya aure ba albarkarsa ba, kuma ba zan iya rayuwa ba kai ba."

Ya amsa: "Kwantar da hankalinki, Haskena. Na san inda zan same su."

Ranar Asabar da hantsi unguwa ta ɗauki ƙara. Kaneng ta leƙa. Joel ne da wasu dattawan Turawa na ƙungiyar 'yan asalin Sikotlan, kowa da siket, ɗaya yana busa algaitarsu mai jaka. Da zuciya ɗaya suka zo, har da kyauta a hannu.

Baba Choji ya fito.

"Waɗannan ka kawo min? Irinsu suka haƙe gonar ubana. A ramin kuzarsu ƙanena ya nutse! Fita min daga gida!"

Kaneng ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Ya zare ƙafar ya shige ciki.

Da yamma saƙon Joel ya shigo: "Na ɓata komai. Ba ni da kowa sai hoton kakan da bai taɓa neman mu ba. Ki yafe min, ki bi maganar Baba."

Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta same shi zaune a ƙasa bayan kanta, shago a rufe.

"Joel, dube ni. Da Baturen ya tafi, wa ya riƙe babanka?"

"Ƙanen kakata, ana ce masa Da Jang. Shi ya raɗa masa suna, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure."

"Yana da rai?"

"Yana Bukuru. Amma ai dangin uwa ne, Baba ya ce na uba."

"Kira shi."

Tare suka koma, wayar na hannunta. Baba Choji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ji muryar tsoho tana gaishe shi da yarensu na Berom. Ya karɓa, ya miƙe tsaye. Tsohon ya juya zuwa Hausa don yaran su ji.

"Choji, Baturen nan ko akuya bai kawo gidanmu ba. Ɗan da aka haifa a ɗakinmu namu ne. Ni ne uban ubansa. Ni nake roƙon 'yarka, kuma da ƙafafuna na da ƙarfi da a ƙofarka zan faɗa."

Baba Choji ya dubi Joel.

"Sakarai. Ka bar wanda ya goye ku, ka je neman wanda ya yar da ku."

Joel ya durƙusa. "Na yi kuskure, Baba."

"Tashi. Gobe ka raka ni Fort Washington, da bakina zan ba mutanen Katung haƙuri."

Da bazara aka ɗaura auren a cocinsu, Da Jang yana kallo ta waya daga Bukuru. Da fasto ya tambayi wa ke ba da amarya, sai Baba Choji ya kama hannun Kaneng ya sa cikin na Joel, ya dafe su da nasa.

"Ubangiji ya zaunar da ku lafiya," ya ce. "Ɗana, ka riƙe min ita."