Marini da Zane na Uku

A wani gari can da, an yi wani tsohon marini. Wata rana ƙawaye uku suka kawo masa fararen zannuwa, za su yi anko a bikin ƙawarsu.

Babbarsu ta ce, "Baba, mu dai launin ya zo ɗaya."

Ya tsoma zannuwan a ramin rini, ya shanya. Biyu suka dace, na ukun ya ƙi, don ya sha wanki har ya yi shara-shara. Ya sake tsomawa, bai dace ba. Ya kuma tsomawa, bai dace ba.

Ya san zanen ƙaramarsu ne, marainiya. In ya faɗa a gaban sauran, kunya za ta hana ta zuwa bikin. Sai ya ɗauko sabon farin yadin da ya ajiye don rigar sallarsa, ya rina, ya sa a madadin nata.

Da suka zo karɓa, manyan suka jera zannuwan, suka yi shewa. "Sun dace!"

Ƙaramar ta shafa nata, ta naɗe. Bayan sun fita, ta dawo ita kaɗai, ta durƙusa.

"Baba, wannan ba nawa ba ne. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini."

Ya ce, "Amin, 'yata. Yi sauri, kada su tafi su bar ki."

A shekarar nan, da tsohuwar rigarsa ya je idi.