Katin Umma

"Yau ma wake?" Bilqis ta faɗa tana leƙa ledar da mijinta Munzali ya shigo da ita. "Ko kazar gidan abincin mamak ɗin ma an daina tapau, a ƙunso mana?"

"Lockdown ne, Bilki, a yi haƙuri." Ya cire takunkumi ya wuce wanke hannu, bai ko kalle ta ba.

Rashin kallon nan ya fi waken ci mata rai. Tun da mahaifiyarta Hajiya Hureira ta zo daga Kano yi mata wankan jego, korona ta rufe hanya ta maƙale a ɗan gidansu na unguwar Sri Petaling a Malesiya, Munzali ya canza. Nama ya ɗauke ƙafa, hira ta mutu, sai ƙus-ƙus da waya a baranda. Ta kuwa ga sunan mai kiran da idonta: Lai'atu.

Ita Umma, tsohuwar malamar makaranta mai ciwon suga, ba abin da take taƙama da shi kamar katinta na inshorar lafiya ta gwamnatin Najeriya. Duk wata sai ta kwanto shi daga bakin mayafi ta ajiye a tebur, don kunya ba ta barin ta ta miƙa wa suruki abu hannu da hannu.

"Ce wa maigidan naki a karɓo min magani. Gwamnati ke biya, ni ba na cin gumin suruki."

Shi kuma ya rusuna ya ɗauka, kansa a ƙasa, ya dawo da allura da ƙwayoyi.

Gwaggo Daso, ƙanwar baban Bilqis, ita ta ƙara wa wutar fetur ta waya. "Ke, buɗe idonki! Uwarki ba ta ci masa komai, to ina albashin yake zuwa? Wallahi akwai wata!"

Ranar Bilqis ta tare Munzali a kicin. "Wace ce Lai'atu?"

"Yi a hankali, Umma na ji."

"Ta ji mana! Ana buɗe airport zan bi ta Kano, ni da 'yata!"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya juya ya fice baranda. Ficewar ta tabbatar mata da zarginta, ta shige ɗakin Umma tana kuka.

Da wata ya zagayo, don haushi ta riga shi ɗaukar katin, ta tafi kantin maganin da kanta. Mai kantin ta juya katin gaba da baya.

"Cannot lah, madam! Nigeria card." Ta ƙara da cewa mijin Bilqis ai bai taɓa nuna kati ba, daga aljihunsa yake biya.

Nan bakin kantin Bilqis ta kira lambar Lai'atu da ta kwafa a ɓoye. Ashe Lai'atu 'yar Jos ce mai aiki a wani kamfanin inshora.

"Kai, madam, oga ya try! Saboda age ɗin Mama da sugar, ko'ina rejecting ɗinta ake. Da ƙyar muka samu extra cover na kwanciya asibiti, shi ma ban da magani. Ya ce kar Mama ta sani, wai in ta ji shi ke biya za ta daina sha."

Bilqis ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta zube gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ka yafe min! Me ya hana ka gaya min?"

"Fuskarki ba ta iya ɓoye wa Umma komai. Na ga gara ki zarge ni da a ce suganta ya tashi a wannan lokaci na korona."

Ba su san Umma na tsaye a bayan labule ba. Ta fito a hankali, ta zare katin daga hannun 'yarta. Wannan karon ba ta nufi tebur ba, cikin tafin Munzali ta sa shi.

"Ɗana," ta ce, "ajiye shi wurinka. Zan sha maganin. Allah ya ba ka mai rufa maka asiri yadda ka rufa min."

Zargi mugun ciwo ne, ba kantin da ke sayar da maganinsa. Bilqis ta kusa rusa aurenta kan mutumin da ya jure yunwa da zarginta don uwarta ta rayu. Kafin ki yanke wa mijinki hukunci, ki bincika tukuna.